Tsakanin Baƙo da Ɗan Gari: Shirin Matashin Gaya da Ajingi ga Aikin Sadarwa Tsakanin Al'adu

Sadarwa tsakanin al'adu ita ce aikin isar da magana da manufa tsakanin mutanen da harshensu ko tarbiyyarsu ko tsarin rayuwarsu ya bambanta, ta yadda kowane ɓangare zai gane abin da ɗayan yake nufi, har da abin da bai furta ba. A matsayin fannin karatu, ana danganta somawarta da Edward T. Hall, masanin al'adun ɗan Adam ɗan ƙasar Amurka, wanda ya yi aikin horar da jami'an diflomasiyyar ƙasarsa a farkon shekarun 1950, ya kuma wallafa littafi a kan batun a 1959, bayan ya lura cewa jami'in da ya iya harshen wata ƙasa yana iya ɓata saƙon da aka aike shi da shi, saboda bai san yadda mutanen wurin suke ɗaukar lokaci da gaisuwa da shiru ba. A matsayin sana'a kuwa, ta girmi wannan littafi da ɗaruruwan shekaru, kuma ƙasar Gaya tana cikin wuraren da suka daɗe da saninta. Abin da ya sa batun ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, matasa da dama a Gaya da Ajingi, da zarar sun ji sunan fannin, abin da yake zuwa musu a rai shi ne ofishin jakadanci da hawan jirgin sama da albashin dala, alhali mafi yawan aikin yana kusa da gida, kuma abin da ake saye a wurin mai yinsa shi ne yardar da ɓangarori biyu suka yi masa, wadda iya Turanci kaɗai ba ya kawo ta.

Tarihin baka na Kano ya nuna cewa Abagayawa, wato maƙeran da suka sauka a gindin Dutsen Dala domin neman tama, daga Gaya suka taso, kuma tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya ambaci zuwan Agalfati, wanda aka ce ɗan Sarkin Machina ne, ya riƙe sarautar Gaya a zamanin Sarki Yakubu, wanda ya yi mulki daga 1452 zuwa 1463. Ko yaya aka auna waɗannan ruwayoyi, suna nuni ga cewa Gaya ƙofa ce ta gabas wadda mutane da haja suke bi tsakanin Kano da ƙasar Barno, kuma duk garin da yake kan hanyar fatake ba ya rasa masu shiga tsakanin baƙo da ɗan gari. Mafi girman waɗannan shi ne fatoma, wato mai masaukin fatake, wanda yake ba su wurin kwana, ya ajiye musu kaya, ya nemo musu mai saye, ya kuma tsaya musu idan an yi ciniki da bashi. A kan irin wannan tsari cinikin goro ya tsaya tsakanin Kano da Salaga da Kumasi, kuma shi ne masanin nan Abner Cohen ya tarar yana aiki a unguwar Sabo ta Ibadan a shekarun 1960, inda masu gida Hausawa suke haɗa masu kawo shanu daga Arewa da mahautan Yarabawa. Wanda yake son ganin ragowar tsarin da idonsa ya je karar Wudil ranar kasuwa, ya dubi yadda dillali yake kai da komo tsakanin makiyayin da ya kawo saniyarsa da ɗan kasuwar da zai loda ta zuwa Kudu. Dillalin yana cin la'adarsa ne saboda ya san dabba, ya san kuɗinta na ranar, ya san yadda ake yi wa kowannensu magana, kuma su biyun sun tabbata gobe za su same shi inda suka bar shi. Sanin haja da sanin mutane da riƙon amana, waɗanda suka taru a wurin dillalin kirki, su ne har yau ginshiƙin sana'ar, ko da a ofis ake yin ta.

Zamanin Turawa ya fito da ɗaya fuskar aikin. Tafintan Di'o da masinjan Razdan sun samu iko mai yawa saboda su kaɗai suke jin abin da ɓangarorin biyu suke faɗa, kuma labaran da aka gada game da tafintan da ya juya maganar talaka don an toshe masa baki sun isa su nuna cewa mai shiga tsakani yana iya zama annoba idan babu mai bin sawunsa. A wannan zamanin ne kuma aka samu Abubakar Imam, wanda ya riƙe editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun lokacin da aka fara buga ta a Zariya a 1939, ya kuma je Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma. Ya taso da Larabci daga gidan malanta, ya koyi Turanci a Kwalejin Katsina, amma abin da ya ɗaukaka shi shi ne ƙwarewarsa a Hausa, wadda da ita ya bayyana wa mutanen karkara abin da ake ciki a Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma buɗe wa masu karatu fili su kai kokensu ga hukuma.

Babu abin da ya nuna tsadar rashin wannan ƙwarewa a Jihar Kano kamar rikicin rigakafin shan inna. A 2003 gwamnatin jihar ta dakatar da rigakafin bisa zargin da ya bazu cewa an gurɓata maganin da abin hana haihuwa, ba a ci gaba ba sai a watan Yulin 2004, bayan an samo magani daga Indunusiya, kuma a tsakanin haka cutar ta sake ɓulla a ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Da farko da yawa daga masu shirya aikin sun ɗauki lamarin jahilci ne kawai, suka yi ta ƙara yawan sanarwa, alhali tsoron jama'a yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani bincike da ya shafi yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu, iyaye suka kai ƙara cewa ba a fayyace musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi, daga bisani a 2009 ya sasanta da gwamnatin jihar. Ban da wannan, akwai tambayar da magidanta suka riƙa yi wadda takardun wayar da kai ba su amsa ba, wato dalilin da ya sa ake bin gida-gida da ɗigon maganin cutar da ba kasafai suke gani ba, kuma kyauta, alhali zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda suna ɗauke yara, asibitin ƙauye kuma babu magani. Haka nan mutane da yawa sun gaji fahimtar cewa shanyewar ƙafar yaro aikin iska ce, kuma ma'aikacin da bai san da wannan ba zai yi ta bayanin ƙwayar cuta ga mutumin da hankalinsa yake wani wuri dabam.

An shawo kan lamarin ne lokacin da aka sauya masu magana da yadda ake maganar. Aka shigo da sarakuna da hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai, aka ɗauki matan unguwa aikin wayar da kai a gidajen da suka saba shiga suna da biki, aka haɗa ɗigon da sansanonin duba marasa lafiya inda ake ba da wasu magungunan, aka kuma sa waɗanda cutar ta nakasa suka yi wa iyaye magana da bakinsu. Aikin ya ci rayuka, domin a Fabrairun 2013 an harbe ma'aikatan rigakafi tara a birnin Kano. Yaro na ƙarshe da ƙwayar cutar ta asali ta kama a jihar an same shi ne a Sumaila, ba nisa da wannan yanki, a Yulin 2014, kuma a Agustan 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ita. Matan da suka taka gida-gida a Gaya da Ajingi ba su buƙaci jin sunan Hall ba kafin su yi aikin da ya rubuta a kansa, kuma abin takaici ne yadda aka ɗauke su 'yan sa-kai masu karɓar ɗan alawus, ba a taɓa kallonsu a matsayin masu sana'ar da ta cancanci horo da ƙarin girma ba.

Wani bayani na Hall yana da amfani a nan. Ya lura cewa wasu al'ummomi suna zuba ma'ana duka a cikin kalmomi, su rubuta, su sa hannu, wasu kuwa suna barin kaso mai yawa na ma'anar a cikin yanayi, wato wane ne ya yi maganar, a gaban wa, bayan wace irin gaisuwa. Zaman karkarar Hausa ya fi karkata ga na biyun. Dattijo ba ya ƙin baƙo kai tsaye, saurayi ba ya musa wa dagaci a bainar jama'a, uwa kuma tana iya yin alkunya ta tsallake ɗan farinta idan baƙo ya tambaye ta 'ya'yanta. Jami'in da ya tara mutane a ƙofar gidan dagaci, ya tambaya ko akwai mai ja, aka yi shiru, ya koma ya rubuta cewa an amince, bai tattaro komai ba, kuma ranar da aikin ya tsaya zai ce an yaudare shi. Sai dai wannan rabe-rabe ma'auni ne na kusa-kusa, bai kamata ɗalibi ya haddace shi ya riƙa liƙa wa ƙabilu lakabi ba, domin ɗan kasuwar Kantin Kwari da manomin Ajingi, duk da harshensu ɗaya, ba su ɗauki alkawarin lokaci iri ɗaya ba.

Misalin inda ake buƙatar irin wannan sani a yau yana kwance a gonakin yankin. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal, yana da reshe daga Kano zuwa Dutse da ya ratsa ƙasar Gaya. Kowane babban aiki irin wannan, titi ne ko layin wuta ko madatsar ruwa, yana haɗa injiniyan da yake kallon taswira da manomin da yake kallon gadon ubansa. Takardar biyan diyya tana son suna ɗaya a kan kowane fili, alhali gonar tana iya zama gandun da ba a raba wa magada ba, ko tana hannun wanda aka ba aro, ko an jinginar da ita shekaru da dama, ko kuma burtalin shanu ya bi ta gefenta, ko akwai tsohuwar maƙabarta a cikinta. Manyan kamfanoni suna ɗaukar jami'in hulɗa da al'umma domin warware irin wannan ƙulli, kuma wanda ya fi dacewa da kujerar shi ne ɗan yankin da ya san rabon gado da dokar mallakar ƙasa, ya kuma iya rubuta rahoton da injiniya zai karanta ya gane. Kotu ma haka take. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin samun tafinta kyauta idan bai jin harshen da ake shari'ar da shi, kuma makiyayin da Hausarsa ba ta nuna ba, idan ya tsaya gaban majistare a kan rikicin ɓarnar gona, 'yancinsa yana rataye ne a bakin wanda aka kira ya fassara.

Aikin gidajen rediyon ƙasashen waje shi ne wanda matasa suka fi sani, tun daga sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, da na Jamus a 1963, da Muryar Amurka a 1979, da na Faransa a 2007, har zuwa TRT Afrika ta Turkiyya a 2023. Guraben kaɗan ne, kuma shekarar 2025 ta nuna rauninsu, domin a cikinta gwamnatin Amurka ta tsayar da yawancin shirye-shiryen Muryar Amurka, ta kuma rushe hukumarta ta ba da agaji, USAID, ayyukan ƙungiyoyi da dama a Arewa suka tsaya. Wanda ya gina shirinsa duka a kan kuɗin baƙi ya gina shi ne a kan shawarar da ake yankewa a wata ƙasa ba da saninsa ba.

Daga nan ne shirin karatu ya kamata ya taso. Ba kasafai ake ganin tallar aiki da sunan fannin kansa ba, ana neman jami'in hulɗa da al'umma ne, ko mai wayar da kai, ko tafinta, ko mai fassara, ko ɗan jarida, ko wakilin ciniki, kuma kowannensu yana aiki ne a cikin wani fage da yake da iliminsa. Saboda haka abin da ya fi wa ɗalibi shi ne ya zaɓi fage ɗaya ya san shi sosai, lafiya ne ko noma ko shari'a ko kasuwanci, sannan ya ɗora harsuna da dabarun sadarwa a kai. Jami'ar Bayero tana da tsangayar sadarwa da sashen harsunan Nijeriya da na Larabci da cibiyar nazarin harsuna da fassara, kuma tun 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta raba karatun aikin jarida gida bakwai, ciki har da hulɗa da jama'a da sadarwar raya al'umma, wato amfani da sadarwa wajen ayyukan lafiya da noma da ilimi. Amma ba dole sai ta wannan ƙofa ba. Wanda ya karanta aikin gona a Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, ko wani fannin lafiya a Jami'ar Tarayya ta Dutse, idan yana jin Fulatanci kuma yana iya rubuta rahoto mai tsabta da Turanci, ya fi mai takardar sadarwa zalla samun abin yi a aikin sulhun manoma da makiyaya ko na rigakafin dabbobi.

Harshen da aka fi yi wa sakaci a wannan shiri shi ne Hausa, saboda kowa yana ganin ya iya ta tun a nono. Jin harshe dabam, iya rubuta shi bisa ƙa'ida dabam, kuma fassara takardar yardar majiyyaci ko sharaɗin bashin banki zuwa Hausar da tsohuwa za ta gane ba tare da an rage ko an ƙara ba aiki ne da yake buƙatar shekarun horo. Raina ɗalibin da ya zaɓi karatun Hausa, wanda har iyaye suke yi, kuskure ne mai tsada, musamman yanzu da Jamhuriyar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, ta bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. Bayan Hausa da Turanci, harshe na uku ya danganta ne da fagen da aka zaɓa. Fulatanci yana nan a rugagen yankin, ana iya koyonsa ba da kuɗin makaranta ba. Faransanci shi ne mabuɗin takardun Nijar da Chadi da Kamaru da Binin, kuma akwai ƙauyen koyon sa na gwamnatin tarayya a Badagry. Ɗaliban Islamiyya da na tsangaya suna da jarin Larabci wanda, idan aka ƙara masa na magana da Turancin rubutu, yana buɗe aikin alhazai da ciniki da ƙasashen Larabawa. Sinanci yana da wuya, amma masu saro kaya daga Guangzhou sun san darajar yaron da ya iya shi.

Abin da aji ba ya koyarwa sai an zauna da mutane. Shirin yi wa ƙasa hidima, wanda aka kafa a 1973 bayan yaƙin basasa domin matasa su san juna, shi ne horo mafi arha da mai wannan buri zai samu, kuma neman a dawo da mutum gida tun daga sansani, in ba da larurar tsaro ko lafiya ba, zubar da dama ce. Shekara guda a ƙauyen Ekiti ko Ebonyi tana koya wa ɗan Gaya yadda ake ji idan mutum ne baƙon, ana dariyar lafazinsa, ana yi masa zaton abin da ba shi ne ba, kuma wanda bai taɓa ɗanɗana wannan ba da wuya ya yi wa baƙo adalci a garinsu.

'Yan mata suna da rabo na musamman a sana'ar, kuma iyaye ya kamata su lura da shi. Gidan da aka rubuta wa ba shiga, namiji baƙo ba ya wuce zaurensa, ko da digiri nawa ya zo, alhali mafi yawan abin da ya shafi haihuwa da shayarwa da abincin yara da karatun 'ya mace a cikin gida ake yanke shi. Yarinyar Ajingi da ta yi karatun ungozoma ko na lafiyar al'umma, ta iya Turancin rubuta rahoto, tana riƙe da abin da babu ƙwararren da za a ɗauko daga Legas ko Landan ya maye gurbinsa, kuma aiki ne da za ta iya yi daga ɗakin mijinta ba tare da ta bar garinsu ba.

Akwai masu ganin na'ura za ta cinye sana'ar, tunda Google ya sa Hausa a cikin manhajar fassararsa tun 2013, kuma manhajojin da suka biyo baya sun fi shi iyawa. Gaskiya ne fassarar wasiƙa da sanarwa ta yau da kullum za ta yi arha, kuma wanda abin da ya iya ke nan kaɗai zai sha wuya. Abin da ya rage wa mutum shi ne duba abin da na'urar ta fitar a inda kuskure yake iya kashe rai ko cinye gona, da kuma zama a zaure a gane cewa shirun da aka yi ƙi ne. Ɗalibi ya koyi aiki da waɗannan manhajoji tun yana makaranta, ya kuma riƙa ajiye samfurin fassarorinsa da rahotanninsa, domin masu ɗaukar aiki a wannan fage sun fi yarda da abin da suka gani a rubuce.

Matsala mafi nauyi ita ce ta amana, domin mai shiga tsakani kusan kullum ɓangare ɗaya ne yake biyansa, kuma shi ne ɓangaren da ya fi ƙarfi, kamfani ko hukuma ko ƙungiya. An ɗauke shi ne saboda mutanensa sun yarda da shi, kuma jarabawar ita ce a yi amfani da wannan yarda a shigar da abin da da sun gane shi da ba su karɓa ba. Ɗan gari da ya yi haka sau ɗaya ya rasa jarinsa, ya kuma ɓata hanya ga duk wanda zai zo bayansa da allura ko takardar ƙidaya. Masarautar Gaya, wadda a tsarin 2024 ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu, tare da ƙananan hukumomin uku, suna iya rage wannan haɗari idan suka tanadi rajistar matasan da suke jin harsuna, aka gwada su, aka riƙa kiransu kotu da asibiti da zaman diyya da lada sananne, maimakon a jawo duk wanda aka gani a bakin ƙofa. Shi kuma mai aikin, tun ranar farko ya gaya wa jama'a wanda ya aiko shi da wanda yake biyansa, ya fassara abin da bai yi wa mai aikensa daɗi ba kamar yadda aka faɗe shi, ya karanta wa mutane da Hausa ko Fulatanci duk abin da aka rubuta da sunansu kafin su dangwala yatsa, sannan ya bar kwafin takardar a hannun dagaci.